Rasuwar Zivanai Gwatidzo, Mutumin da Ya Sa Ƙasa Ta Yi Mana Dariya

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Mahalicci, Ƙungiyar Makaɗan Mbira ta Gundumar Murehwa, masu kaɗa abin kiɗan nan na gargajiya mai harsunan ƙarfe da ake sa shi cikin ƙwarya, ƙarƙashin jagorancin Shugabarta, Mai Daraja Mbuya Sarudzai Nyamande, ta samu labarin rasuwar Baba Zivanai Gwatidzo, ɗan zuriyar Shumba, marubuci kuma mai shirya fim, wanda ya cika a Harare ranar Talatar da ta gabata bayan doguwar jinya. Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Amai Rufaro, da 'ya'yansa da jikokinsa, da ɗaukacin dangin Shumba na kusa da na nesa.

Jama'a sun san marigayin da fim ɗinsa na barkwanci, Kakanni Na Jiran Biza, kuma ba za mu yi kamar ba mu san da su wa yake ba. Ya zauna a cikinmu, ya ci sadzarmu, wato tuwonmu na masara, ya riƙe mana caki a bukukuwa, muna zaton ɗalibi muka samu, ashe nazarinmu yake yi. Sai ga mu a majigi: makaɗan da ke ajiye fatar damisa a jaka har sai motar Turawa ta tsaya, dattijon da ke rantsuwa cewa murafan kwalbar lemon da ke jikin ƙwaryarsa gadon kakanni ne, ƙungiyar da ta dare gida uku a ranar bikin haɗin kanta, a kan wanda za a tura Jamus. Sannan ga wani da ya raɗa wa suna Farfesa, mai ɗaura nakatai a ƙarƙashin fatar damisa, wanda zai cika wa baƙi kunne da Turanci a kan mbira har rana ta faɗi bai taɓa ta ba. Duk wanda ya san mai sa hannu a wannan sanarwa ya san tafiyar wa aka kwaikwaya, da gyaran muryar wa.

A wancan lokaci ƙungiya ta zartar cewa babu ɗanta da zai ƙara kaɗa mbira a gidan Gwatidzo, ko a biki ko a makoki, kuma hukuncin bai tashi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ba mu zo ba da haƙuri ba, domin abin ya yi zafi. Amma shekaru sun nuna mana bambanci tsakanin mai yi maka dariya da mai yi maka kirari. Manyan da ke zuwa ɗaukar hoto da mu duk lokacin zaɓe, suna kiranmu taskar ƙasa, babu ɗayansu da ya taɓa naɗar waƙarmu ko guda. Yau in kana son jin muryar marigayi Sekuru Chakanyuka, mafi iya hannu a duk gundumar nan, babu inda za ka same ta sai a ƙarshen wannan fim, inda Gwatidzo ya dakatar da shaƙiyancinsa ya bar tsohon ya kai waƙarsa ƙarshe ba a yanke ba. Matasan da ke zuwa koyo a wurinmu yanzu, yawancinsu a nan suka fara jin mbira. Wannan ya ishe mu.

Ranar Alhamis Amai Rufaro ta iso wurin taronmu da kanta, ɗauke da kwat ɗin mijinta. Sahwiran marigayin, wato abokin wasan da ya kamata ya sa tufafinsa ranar jana'iza, ya kwaikwaye shi, ya tona asirinsa har masu kuka su yi dariya, ya riga shi tafiya bara. Ta durƙusa a gaban mai sa hannu a wannan sanarwa, ta tafa hannu irin na gaisuwarmu, ta ce: "Sekuru, ni ban zo roƙo ba, saƙo na kawo. Ya ce kada a kawo masa limamin da zai ce shi mutumin kirki ne, a kawo masa Farfesa. In kun ƙi, sai in binne shi shiru kamar ɓarawon akuya, ba kiɗa ba sahwira." Sai Shugaba ta juyo ta ce masa: "Obadiah, karɓi kwat ɗin nan mana. Shekara nawa kana cika mana kunne da ranar ramuwa? To ga ta ta zo da ƙafarta."

Saboda haka ƙungiya na sanar da jama'a cewa ta janye wancan hukunci baki ɗaya, tana kuma umartar kowane ɗanta ya hallara a ƙauyen marigayin ranar Asabar da mbirarsa da cakinsa. Kada kowa ya zo da fatar damisa, babu Bature a wurin. Mai sa hannu a ƙasa shi zai tsaya a matsayin sahwira, yana kuma roƙon baƙin da za su zo daga birni kada ransu ya ɓaci in sun ga tsoho a bakin kabari cikin kwat ɗin mamaci, ya karkata hula, yana daka wa masu kuka tsawa cewa kukan bai yi ba, a sake. Za a kuma bayyana wa duniya cewa mutumin da ya yi wa makaɗa dariya bai taɓa iya bin kiɗa da caki ba, ko sau ɗaya.

Muna roƙon Ubangiji Ya ba Amai Rufaro da iyalanta ƙarfin zuciya da juriyar wannan babban rashi, Ya sa wannan ɗan Shumba ya iske magabatansa lafiya, su kuma su yi haƙuri da bakinsa fiye da yadda muka yi. An gwada kwat ɗin, ya zauna daidai, sai ka ce da gangan ya ba tela awona.

Sa hannu:
Sekuru Obadiah Machingura
Kakaki kuma Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Makaɗan Mbira ta Gundumar Murehwa