Kafin a Ƙidaya Ƙuri'u: Maganata ga Wendell da Corinne

Ni, Verna Halvorsen, matar marigayi Orrin Halvorsen, nake rubuta wannan da hannuna, ranar sha tara ga Oktoba, a gidanmu na gona da ke gabashin jihar Oregon. Shekaruna tamanin da ɗaya. Huhuna ya gaji, likita ya ce da wuya in ga ƙarshen sanyin bana, amma hankalina garau yake. Ina nanata wannan ne saboda akwai wanda ya tashi a bainar jama'a ya ce ba haka ba. Maƙwabciyata Opal Trujillo da Fasto Brandvold za su sa hannu a ƙasa, su shaida cewa ba wanda ya riƙe mini alƙalami.

Wendell, ɗana na fari. Corinne, autata. Wata goma sha ɗaya ke nan ba ku gaisa ba, duk a kan ƙudiri biyu da aka sa wa mutanen jihar nan a takardar zaɓe. Na farko ya ce a rage haraji, a ɗaure hannun gwamnati kada ta kashe fiye da abin da ta kashe bara. Na biyu ya ce a ƙara wa kamfanoni da masu manyan albashi haraji, a zuba kuɗin a makarantu da asibitoci. Wendell ne ke jan ragamar na farko a gundumar nan. Corinne tana can Portland tana yi wa na biyu aiki kamar za ta halaka. Kowannenku ya zo neman goyon bayana a ɓoye. To ga amsa a fili.

Na ɗaya: ƙuri'ata. Na riga na jefa ta. Takardar ta iso ta gidan waya ranar Alhamis, kamar yadda ake yi a jihar nan, na cika ta ranar Juma'a, Opal ta kai ni har bakin akwatin da ke gaban kotu na zura ta da hannuna. Ban yarda in mutu in bar ta a kan tebur wani ya yi mini karambani ba. Wendell, na ce a'a ga ƙudirinka, kuma da ina da ƙuri'a goma da duka a'a zan rubuta. Na ce e ga na Corinne, ina toshe hanci. Corinne, kada ki yi saurin murna, taki maganar tana tafe.

An gaya mini abin da ya faru a taron gari. Wendell, wani ya yi maka ba'a daga bayan ɗaki: "Wendell, ai ko tsohuwarka ba ta tare da kai!" Aka yi dariya. Kai kuma ka ce, "Ku rabu da Mama, ta tsufa. Duk takardar da aka miƙa mata sa hannu take yi." Ni, Wendell? Ni da na ja motar 'yan makaranta shekara talatin da ɗaya a kan ƙanƙara ban taɓa jefa ɗan kowa a rami ba? Rabin mutanen da ke ɗakin nan ni na goge musu majina. Na karanta ƙudirinka shafi goma sha bakwai da gilashin ƙara girman rubutu, sau biyu. Ina shakka ko kai ka kai shafi na biyar. A taro na gaba ka tashi a gaban waɗannan mutanen ka janye maganarka. Ko ina raye, ko ina ƙasa.

Na biyu: gona. Gida, shanu, tarakta biyu, da duk filin da ke yamma da rafi, na Wendell ne. Corinne, kada ki kai maganar gaban lauya. Shi ya tsaya a nan lokacin da kowa ya gudu birni, shi ya san wace saniya ce ke wahalar haihuwa. Kin samu karatu daga gumin gonar nan, shi ya samu ciwon baya.

Kuma ki daina kiran yayanki mai son zuciya. Ba ki san abin da ke cinsa ba, ni na sani. Ina 'yar shekara tara aka yi gwanjon gonar mahaifina saboda harajin ƙasa ya fi ƙarfinsa bayan fari biyu a jere. Na ga babana, ƙaton mutum, yana riƙe da hularsa yana kallon ana tayin dawakansa. Na ba Wendell labarin nan tun yana ƙarami, wataƙila na ba shi fiye da kima. Duk shekara idan takardar haraji ta zo, kakansa yake gani. Tsoronsa gaskiya ne. Maganin da ya samo ne ƙarya. Wendell, waɗannan mutanen masu fararen motoci da suka zo daga wata jiha suna buga maka kafaɗa, suna biyan kuɗin tallarku, ba don shanunka suka zo ba. Idan ƙudirin ya wuce, abin da za a rage maka ba zai sayi tayar tarakta ba, su kuwa za su tafi da abin da ya isa gina makaranta. Da ɗayansu ya zauna a falona yana ce mini, "Ranki ya daɗe, uwar gari, ai kuɗinki ne, ke kika fi sanin yadda za ki kashe shi," sai na ce masa, "Yaro, idan gidana ya kama wuta, kuɗina zai tuƙo motar kashe gobara?" Bai ƙarasa shan kofinsa ba.

Na uku: fegi ɗaya da ke bakin babbar hanya, kusa da akwatin wasiƙu, ba na kowannenku ba ne. Na ba ƙungiyar 'yan agajin kwarin nan su gina rumfa su ajiye motar asibiti. Lauya ya rubuta yadda ba mai iya sayar da shi ko ya yi jingina da shi. Wanda ya taɓa filin nan ban yafe ba.

Kun san dalili, amma zan rubuta domin jikokina. Shekara goma sha biyu da suka wuce an taɓa yin irin wannan ragin, gunduma ta rufe tashar motar asibiti da ke mil shida daga nan. Ni da babanku duka mun jefa wa ragin ƙuri'a, ba zan ɓoye ba. Muka ce ai lafiyarmu lau. Shekara uku bayan haka, da tsakar rana a watan Yuli, Orrin ya faɗi a gonar ciyawa yana riƙe da ƙirjinsa. Motar ta taso daga hedikwatar gunduma. Minti hamsin da biyu. Wendell ya durƙusa cikin rana yana danna ƙirjin ubansa har hannunsa ya mutu, yana cewa, "Baba, tsaya mana, ga su nan, ga su nan." Ba su iso ba sai da ya cika. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni na koyi wannan karatun, da ran mijina na biya kuɗinsa. Wendell, kai da hannunka ke kan ƙirjinsa, yadda aka yi ka koyi akasin haka, wannan ya fi ƙarfin sanina, sai dai ko ka yanke cewa tunda gwamnati ba ta zo ba ranar nan, kada ta ƙara ganin sisinka. Idan haka ne, fushi ne ke jefa maka ƙuri'a.

Na huɗu: hoton babanku. Corinne, wannan taki ce. Kin shiga ɗakina kin cire hoton Orrin a kan tarakta, kin ba mutanenki suka buga a takardar talla dubu ɗari biyu, da manyan haruffa: "Ya jira minti hamsin da biyu." Ba ki tambaye ni ba. Ba ki tambayi yayanki ba. Ya buɗe akwatin wasiƙunsa ya tarar da fuskar ubansa tsakanin tallar takin zamani da takardar kuɗin wuta. Ya shigo mini kicin fuskarsa kamar toka, ya ajiye takardar ya ce, "Mama, kin ga an sayar da Baba." Da na kira ki, cewa kika yi, "Haba Mama, ai gaskiya ce, kuma tana jawo ƙuri'a." Gaskiya ce. Amma kina Portland ranar, ba gwiwarki ce ta ƙone a ƙasa ba. Ki sa a daina buga hoton. Ki dawo da na ainihin ki miƙa wa Wendell hannu da hannu, ki ce masa kin yi kuskure. Ba ta waya ba. Ki tuƙo motarki ki zo.

Na bar miki zoben aurena, keken ɗinkina, da akwatin wasiƙun da babanku ya rubuto mini daga soja. Su kam na karantawa ne, ba na bugawa ba.

Na biyar: bangon sito. Wendell, ramuwar da ka yi ita ce ka rubuta "A RAGE HARAJI" da jan fenti a bangon da ke fuskantar hanya, harafi ɗaya ya fi ni tsawo. Muddin ina numfashi sitona ne. Na sa Opal ta sayo farin fenti bokiti huɗu, suna cikin gareji. Ku biyu za ku shafe shi, rana ɗaya, tsani ɗaya, ɗaya yana sama ɗaya yana riƙe masa. Ku zaɓi wanda zai hau.

Na shida: jana'izata. A binne ni kusa da Orrin. Ban son furanni, wanda ke da kuɗin fure ya ba 'yan agaji su sayi taya. Kada ɗan takara ko ɗaya ya yi jawabi. Duk wanda ya shigo coci da bajon kamfe a ƙirjinsa, Fasto ya mai da shi waje ya cire, ko da ɗana ne, ko da 'yata ce.

Nan da mako biyu za a ƙidaya ƙuri'u. Ɗayanku zai yi nasara, ɗaya zai sha ƙasa, ko kuma ku sha ƙasa tare. Masu fararen motoci za su tattara su tafi wata jiha, masu buga talla za su nemi wani hoton. Shekara biyu masu zuwa za a kawo sabon ƙudiri da sabon suna. Ban ce ku daina jayayya ba, jinina ne ku, ba za ku iya ba. Ku yi musu har makogwaro ya bushe, amma a teburi ɗaya. Ranar Godiya ta bana, bikin iyali na ƙarshen Nuwamba, a gidan nan za a yi ta: Wendell ya yanka talo-talo, Corinne ta gasa, yaranku su zauna a cakuɗe. Wanda ya ci zaɓe shi zai wanke kwanuka.

Ubangiji ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da na bayansu. Ya ba ku ruwan sama a kan kari da maƙwabta na gari. Ya tausasa zukatanku ga juna, tunda ni na yi iya yina. Na haife ku biyu, kuma biyu nake so a gani a bakin kabarina, kafaɗa da kafaɗa.

Mahaifiyarku,
Verna Halvorsen