Waccan, a Hawa na Goma Sha Tara

Setapak, Kuala Lumpur
3 ga Agusta

Ƙanwata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Iya? Tunda ina farke kina barci, kina farke kuma kina jinya a asibiti, na ga gara in koma rubutu.

An yi bikin yaye su Baban Hadi lafiya, ya karɓo digirin da ya shekara huɗu yana mana ƙorafi a kai. Mun kai yara tagwayen dogayen benayen nan, mun kai su lambun tsuntsaye, inda wani aku marar kunya ya ƙwace wa Hadi gyaɗa. Jibi ya kamata mu taso. To, kana taka Allah na tasa. Jiya Hadi ya tashi da ƙuraje har tsakar ka, wai ƙarambau. Likitar ta dube ni da fara'arta ta ce, "Cannot fly lah, madam," sai sun bushe. An mai da tafiyar 15 ga wata.

Muna gidan Usaini, ƙanin Baban Hadi, hawa na goma sha tara, ɗaki biyu kamar akurki. Lif ɗin ba ya hawa sai da kati, katin kuwa ɗaya ne, yana aljihun Usaini a makaranta. Ni da na zo buɗe ido, ga ni na ƙare a leƙen taga.

Ki ce wa Iya "waccan" tana mata sannu. Na san za ta kau da kai ta tambayi yara. Shekara talatin da bakwai ina 'yar fari, ban taɓa jin sunana a bakinta ba, balle ta aiko mini da gaisuwa. Ke auta kin more.

Ki gaida ɗan'uwanmu Aliyu da iyalinsa.

Yayarki, Zuhra

Gwammaja, Kano
5 ga Agusta

Yaya Zuhra,

Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba Hadi lafiya. Ai kin ce sai kin ga ƙasar Maleshiya, ga shi kina ganinta daga sama kamar shaho.

Jikin Iya ga shi nan dai. Kumburin ƙafar ya ɗan saɓe, amma numfashin ne. Na karanta mata wasiƙarki. Da na zo wajen sannunki sai ta ce in miƙo mata ruwa. Can ta nisa ta ce wa ya aiki mutane su kwashi yara zuwa bangon duniya. Ta ce a yanke wa Hadi farce, a kuma gaya wa mijin nata in ya dawo da tabo a fuska ta fasa auren.

Ku dai yi ƙoƙari ku taho ranar sha biyar ɗin.

Taki, Fiddausi

Setapak
16 ga Agusta

Fiddausi,

Sallama da gaisuwa. Ba mu taho ba. Ana gobe tafiya, akwatuna a bakin ƙofa, na ɗaga rigar Nuriyya zan mata wanka, sai ga ƙuraje uku a bayanta. Na zauna a ƙasan banɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Baban Hadi da farko ya ce in tafi ni kaɗai. Ina zan bar jaririya 'yar wata goma, tana zazzaɓi, ba ta karɓar komai sai nono? Yanzu kuma shi ne ke cewa in kwantar da hankali, babu gaggawa.

Hadi ya warke, ya zama ɗan gari. Kome ka ce masa sai ya ce "boleh", wato "zai yiwu" da yarensu. Shi ke raka ubansa shagon mamak, masu sayar da abinci, su yo mana tapau, wato ƙunshin abinci, shinkafar da kullum sai an tsoma mata kwakwa. Ni kuwa na san jirgin ƙasan da ke wucewa ƙarƙashinmu, na san matar da ke shanya a benen da ke kallonmu, na san ruwan da ke saukowa kowace la'asar. Na gaji, Fiddausi. Tsoro nake ji.

Wayata tana wajen gyara tun ranar Talata, Baban Hadi ne ya kai ta, ko da yake ni ban ga abin da ya same ta ba. Da kwamfutar Usaini nake rubuto miki. Na kira ki da wayarsa sau shida ba ki ɗauka ba. Aliyu ya ɗauka, muna gaisawa ya ce ba ya ji na.

Don girman Allah ki gaya mini yadda Iya take.

Yayarki

Gwammaja
17 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Zuhra,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, Allah Ya ba Nuriyya sauƙi.

Mun baro asibiti, muna gida. Gidan cike yake da mutane, shi ya sa ba na samun ɗaukar waya. Kowa yana gaishe ku. Iya ta ce in gaishe ki, ta ce a gaya wa Zuhra ta kula da yarinyar, kada ta sa damuwa a ranta.

Allah Ya dawo mana da ku lafiya.

Fiddausi

Setapak
17 ga Agusta

Fiddausi,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ke ko ƙarya ba ki iya ba. Da kin rubuto cewa Iya ta kau da kai, ko ta yi tsaki ta tambayi mijinta, da na kwana da murna. Matar da ranar aurena ta shige ɗaki don kada a ga idonta, ita ce za ta ce a gaida Zuhra? Wanda ya shirya miki wannan maganar bai san uwarmu ba.

Na fita baranda na sami Baban Hadi da Usaini, inda suke laɓewa su amsa waya kwanakin nan. Ban tambaye su komai ba, kallonsu kawai na yi. Usaini ya cire hularsa.

Na san Kawu ne ya hana, wai ba a gaya wa matafiyi, balle mai shayarwa. Ba na fushi da ke. Amma ki gaya mini yaushe ne, kuma ta sha wahala? Kada ki ƙara mini ko kalma ɗaya da ba ta faɗa ba. Na yi haƙurin shirunta tana raye, ba na so a yi mini aron bakinta bayan ta tafi.

Yayarki

Gwammaja
18 ga Agusta

Yaya,

Allah Ya ji ƙan Iya, Ya ba mu haƙuri. Ki yafe mini.

Ranar Talata ne, bayan azahar, aka kai ta kafin magariba. Ba ta sha wahala ba.

Na ɓoye miki rasuwar, amma ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Da safen ranar ta sa aka jingina ta, ta tambaya ko jirgin ya taso. Na ce saura kwana biyu. Ta daɗe tana kallon ƙofa, sannan ta faɗi abin da na rubuto miki, Aliyu na tsaye, shi ma ya ji.

Sau biyu ta faɗi sunan, Yaya. Na biyun a hankali, kamar mai ɗanɗanawa.

Allah Ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarki, Fiddausi