Motar Babanki Tana Nan Lafiya

Tacuarembó, 6 ga Maris, 1994

Zuwa ga uwargidata Nélida,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan sanyin Sifen bai takura miki ba. Yaya mai jego, 'yarmu Griselda? Yaya kuma wannan ɗan fitinar, Fermín, wanda bai cika wata guda a duniya ba ya ƙwace mini mata? Ki gaya masa aro na ba shi, watan Yuni na kamawa ya dawo mini da kayata.

Mu nan kowa lafiya. Mamanki tana nan yadda kika bar ta. Kullum da yamma nakan tura kekenta zuwa bakin ƙofa in haɗa mata shayin mate, ita kuma ta kurɓa ta ce ruwan ya yi zafi, kamar yadda take faɗa shekara talatin da huɗu.

Kin tambayi jar motar marigayi babanki. Tana nan lafiya a gareji, na kuma riƙe abin da kika ce: kada kowa ya taɓa ta sai kin dawo, mu miƙa wa lauyan nan na Montevideo a dala dubu goma sha takwas da ya taya, kuɗin su zama na jirginki duk shekara zuwa ganin jika. Ban manta ba.

Sai dai shekaranjiya aminina Ubaldo mai gyaran bodin mota ya zo da wata mujallar Ingila. A ciki akwai mota irin ta babanki sak, mai kujera biyu, amma an yanke bayanta an ƙara mata tsawo ta zama wagon, irin mai dogon baya na ɗaukar kaya. Wai masu kuɗin can ne ke sa a yi musu haka don su ɗauki karnukan farauta, kuma a gwanjo an sayi wannan ɗin dala dubu sittin. Ubaldo ya ce mini, "Kai dai Anselmo, arziki na kwance a garejinka, ka lulluɓe shi da bargo." Labari kawai nake ba ki.

Ki gaishe mini da surukinmu. Ina kewarki ƙwarai, gidan ya yi mini girma.

Mijinki,
Anselmo

Tacuarembó, 2 ga Afrilu, 1994

Tsohuwata Nélida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikin Griselda, yaya ɗan abokin takarata, Fermín? Hotonsa ya iso. Kunnuwan nawa ne, ki ba shi haƙuri.

Motar babanki tana nan lafiya, sai dai ta ɗan fita shan iska zuwa wajen Ubaldo. Kin san mota idan ta daɗe a ajiye takan lalace. Kada ki ɗaga hankalinki, aikin da ake yi mata duk daga bayan kujeru ne, gaban nan ko ƙura ba a share ba.

Nélida, ki dubi lissafin da idon basira. Dubu goma sha takwas tafiyarki ce ke kaɗai. Dubu sittin kuwa ta mu biyu ce. Ni fa shekara talatin na yi ina raba wa mutane wasiƙun da suka zo daga ƙasashen duniya, ban taɓa shiga jirgi ba. Ina so in ɗauki yaron nan da hannuna kafin ya yi gemu. Wannan ne ya ci ni, ba wani abu ba.

Kuma ba a hannun ɗan koyo na sa ta ba. Duk arewacin ƙasar nan babu wanda ya kai Ubaldo iya ƙara wa mota tsawo, shekara ashirin da biyar yana wannan sana'a. Mutum ne mai tsari. Kafin ya ɗora zarto sai da ya sa na kwanta a ƙasa na miƙe, ya ce in haɗa hannuwa a ƙirji, ya auna ni daga kai zuwa ƙafa, ya ƙara taƙi ɗaya. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Haka ake yi, malam, kai dai kwanta ka daina motsi." Na ɗauka don mai saye ya sami wurin hutawa ne idan ya je farauta.

Tsohon rufin da aka cire ma bai tafi a banza ba. Na ɗora wa akurkin kaji, yanzu ko ɗigon ruwa ba ya shiga.

Mamanki ba ta sani ba tukuna. Ina jiran ranar da za ta tashi da fara'a.

Naki har kullum,
Anselmo

Tacuarembó, 30 ga Afrilu, 1994

Nélida,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ban sami amsar wasiƙata ba. Na san aikin gidan waya sarai, kwana goma sha biyu ne, don haka na gane shirun naki ne.

Gara ki ji daga bakina. An gama motar. Aikin ya yi kyau, ba a ganin inda aka yi walda, fentin ma ja ne daidai da na da. Ranar Asabar na ɗauko ta na biyo ta dandali a hankali don jama'a su gani. Tsofaffin da ke zaune a benci suka miƙe tsaye suka cire huluna. Na ji daɗi, na ɗaga musu hannu. Mai sayar da biredi ta fito ta yi alamar gicciye. A kwanar coci na duba madubi, sai ga motoci huɗu a bayana sun kunna fitilu da rana tsaka, suna tafiya a hankali, ba wanda ya yarda ya wuce ni. Har ƙofar gida suka rako ni. Mutumin da ke ta farko ya sauko ya rungume ni ya ce, "Sai haƙuri, Anselmo. Tsohuwar ce?"

A nan ne na tsaya na kalli motar da kyau. Nélida, sai a lokacin na tuna irin motocin da Ubaldo ya yi shekara ashirin da biyar yana ƙara wa tsawo. Dukansu na ɗaukar gawa ne. Hannunsa bai san wani awo ba. Gilasan gefe dogaye, ƙofar baya mai faɗi, a ƙasa kuma ya jera sandunan ƙarfe masu juyawa don akwati ya shige ba wahala. Har labule matarsa ta ɗinka, kyauta. Da na je masa da faɗa, cewa ya yi, "To ni na taɓa ganin karen Ingila ne? Ka ce a yi wurin ɗaukar kaya, na yi wurin ɗaukar kayan da na sani."

Duk da haka na kira lauyan, Dakta Etchegaray. Ya zo ranar Laraba da farin takalmi. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya nemi kujera ya zauna. Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai magana da maras lafiya, cewa waccan ta mujalla wani shahararren kamfani ne ya ƙera guda goma sha biyu kacal, kowacce da takardarta, sunan ake saye ba tsawon ba. Ya ce idan asalin rufin na nan, watakila a ceto wani abu. Na kai shi bayan gida. Ya daɗe yana kallon kaji, kajin ma suna kallonsa. Ko shayin da na haɗa masa bai sha ba ya tafi.

Tayi ɗaya ya rage. Casimiro mai gidan jana'iza ya ce zai ba da dubu biyu da ɗari biyar, in an mayar da ita baƙa.

Na cuce ki, Nélida. Amana kika ba ni, ta abu ɗaya tak da babanki ya bar miki, na sa mata zarto. Ba ni da bakin magana. Ki rubuto ko zagi ne, zan karɓa.

Mijinki mai laifi,
Anselmo

Tacuarembó, 15 ga Mayu, 1994

Uwargida,

Gaisuwa da ban haƙuri. Da fatan Fermín ya fara dariya. Ni dai har yau ba wasiƙa, amma dole in ba ki labarin ranar Lahadi.

Mutane uku suka zo yi mana ta'aziyyar mamanki, ita ce kuma ta amsa musu daga bakin ƙofa. Da suka watse ta ce in tura ta gareji. Na tura ta. Ta daɗe tana kallon motar, ni kuma ina jiran abin da zai sauko mini. Sai ta ce, "Buɗe bayan."

Ta ce mini tun ranar da babanki ya sayo motar nan ba ta taɓa shiga ba. Kujera biyu ce, ɗaya tasa, ɗaya ta karensa, ita kuma tana gida da ku tana wanki. Ta ce ta tsani motar nan fiye da yadda ta tsane ni. Sannan ta ce, "Tunda dai dole wata rana a sa ni a irinta, gara in ɗana tun ina gani. Ɗauke ni, sakarai."

Na shimfiɗa mata katifa, na jera matashi uku, sandunan Ubaldo kuwa suka shigar da ita sumul ba tare da na yi nishi ba. Ta ce a bi ta dandali daidai lokacin tashi daga coci. Muka iso, mutane suka cire huluna, mata suka fara share ido. Sai mamanki ta yaye labule ta ɗaga musu hannu. Nélida, matar mai kantin magani zama ta yi daɓas a kan titi. Fada, limamin cocin, ya saki littafinsa. Mamanki kuwa dariya take har da tari, tana buga gilashi tana cewa, "Ƙara zagayawa! Waccan munafukar ba ta gan ni ba!" Sau shida muka zagaya.

Rabon da in ji dariyarta tun ranar da na faɗo daga tsani. Da muka dawo na haɗa mata mate, ta kurɓa, ta ce, "Yau ruwan ya yi daidai." Sai da na shiga kicin na share hawaye.

Yanzu ta kafa doka. Kowace Lahadi za a fita da ita, kuma duk wanda ya sayar da motar ko ya mayar da ita baƙa, ba ta yafe ba. Ta ce a cikinta za a kai ta ranar ƙarshe, ja, kuma da gudu. Na tuna mata cewa motar taki ce. Ta ce ke ma ai tata ce.

Kuɗin jirgin dai ya tafi, wannan ba ni da yadda zan gyara shi. Sauran magana tana hannunki.

Mai jiran hukuncinki,
Anselmo

Tacuarembó, 3 ga Yuni, 1994

Nélida tawa,

Gaisuwa irin ta mai ƙishirwa. Wasiƙarki ta iso yau, na karanta ta sau goma, ba ta da wahalar haddacewa tunda layi uku ce: kada a sayar, kada in ƙara taɓa komai a gidan ko da ƙusa ce, in zo tasha ranar sha takwas da ƙarfe huɗu. Na juya takardar ko akwai wani abu a baya, babu. Na shinshina ta ma. Ban ga inda kika ce kin yafe ba, ban kuma ga inda kika ce ba ki yafe ba.

Zan zo da motar, don mamanki ta ce da ita za a je tarbarki. Kujerar gaba tana nan yadda babanki ya bar ta, har da ƙunar sigarinsa a gefe, taki ce. Zan sa rigar da kike so. Idan kin sauko kin ga za ki iya kallon fuskata, sai in tuƙa mu zuwa gida. Idan kuma abin ya gagara, makullin na hannunki, mamanki ta ce za ta matsa mini. Wurin zai ishe ni, da ni aka auna.

Ki sumbaci Fermín, ki gaya masa kakansa zai zo, ko da a ƙafa ne.

Mijinki, a raye ko yadda kika ga dama,
Anselmo