Igiyar da Kake Saki

Zuwa ga ƙanena Laminu,

Gaisuwa mai yawa daga Dakoro. Ina gajiya, ina sanyin Faransa? Inna da Baba suna lafiya, shanu ma sun ƙoshi bana, alhamdu lillahi.

Bidiyon tseren jiragen ruwa da ka turo ya shigo salular ƙanwarmu Hadiza, mun kalla har batir ya mutu. Ka ce aikinka kula da ƙaton ƙyallen nan mai kumburi da kuke kira sipi. Ni dai ban gane ba. Mu nan in iska ta taso, shanya muke kwashewa, mu ɗaure rumfa. Ku kuwa sai lokacin kuke baza mata ƙyalle! Ga ka nan ka ja igiya, ka saki, ka ja, ka saki, idonka a sama. A bakin rijiyarmu wanda ya saki igiya, ai wasaki ya tafi ke nan. Hadiza ta ce wai sai bakin ƙyallen ya lanƙwashe kake ja. To don me kake bari ya lanƙwashe?

Baba yana kallo har aka zo inda igiya ta zarce da gudu a tafinka. Ya sa aka tsayar da bidiyon, ya daɗe yana duban hannunsa, wanda igiyar rijiya ta bar wa yatsu uku.

Ka gai da abokan aikinka, ka sa mu a addu'a. Saƙon Baba guda ne: ko za ku zo na ƙarshe, kada ka naɗa igiyar a hannu.

Yayanka,
Sani