Ɗalibin Zahra'u Mai Gardama

Danchadi, farkon rani.

Zuwa ga ɗana Sha'aibu, tela a kasuwar Shagari.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Balaraba da yara. Ya ɗinki? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in sanyi ya sauko.

Shekara da shekaru ban taɓa yi maka tambaya ka ba ni amsa ba. In na kira ka, ka ce ba sabis. In ka zo gida, ka ce a bar zancen. Shi ya sa na sa ɗiyarka Zahra'u ta ɗauko biro, tunda ni ban yi boko ba. Takarda dai ba ruwanta da sabis.

Na ji saƙonka, cewa in sakamakonta ya sake zuwa da jan biro wanga zango, ta bar sakandaren Bodinga ta koma Shagari ta zauna kan keken ɗinki. Ban raina ɗinki ba, shi ya rufa maka asiri. Amma yarinyar nan aikin jinya take so. Tana rubuta wanga tana goge ido. Ta ce kar a sa, na ce a sa.

Na je makarantar da ƙafata. Malamarsu Khadijatu, Allah shi saka mata, har kujera ta ba ni. Ta ce Zahra'u hadda take yi ba tare da ta gane ba. Ta ce ta riƙa farawa da darasin da ya fi ba ta wuya bayan Asuba, ta bi tsofaffin tambayoyin jarrabawa, sannan ta sami wanda za ta riƙa koya wa abin da anka koya mata, da Hausa tsantsa. Na ce wannan an samu, ga ni.

Kar ka taɓa ta sai zangon ya ƙare.

Mahaifinka,
Ubaidullahi.

Danchadi, bayan cirar albasa.

Zuwa ga ɗana Sha'aibu.

Gaisuwa da fatan alheri. Ya zafi, ya iyali? Inna ta samu sauƙi, tana gaishe ku. Waccan takardar ba ka amsa ta ba, na sani kuma ta iske ka.

Ga yadda munka yi. Kullum bayan La'asar ta biyo ni fadama da littafi, ina ban ruwa tana biya mini. Na kafa mata doka irin ta makarantar allo: ba a wanke allo sai an biya. Ba ta buɗe sabon shafi sai na gane tsohon. Ni kuwa ka san ni. Abin da bai shiga kaina ba, ko ta yi kuka ba zan ce ya shiga ba.

Ran nan ta ce wai shuka da hasken rana take haɗa abincinta a ganye. Na ce ƙarya ne, taki take ci, ni nake ba ta. Ta maimaita da Turanci. Na ce Turanci ba hujja ba ne. Ta yi fushi, ta ce ba a taɓa ɗalibi mai taurin kai irina ba, ranar ko tuwo ba ta miƙo mini ba. Washegari ta koma wurin Malama, ita da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ta dawo ta kife tsohuwar tukunya kan albasata a gefen fangali, ta ce mu ci gaba da ba ta ruwa da taki. Bayan 'yan kwanaki da munka buɗe, ganyen ya ɗashe, ya kwanta. Har yau dai ina nan kan cewa taki na da nasa rabo, kuma Malama ta aiko cewa ban yi ƙarya ba.

Haka munka yi da lissafi, har da wani harafi wai shi ekis da kullum ake nema ba ya zama wuri ɗaya. Gardamar da kuke gudu, ita ta riƙa kora ta wurin malamai, har sunka san sunanta.

Sakamako ya fito, Sha'aibu. Ba jan biro sai ɗaya, na Turanci, kuma wannan ba laifina ba ne, ba ta hanyar da zan yi gardama a can. Daga can ƙasa ta hau ta tara a aji. Na gode wa Allah, na gode wa Malama Khadijatu, na kai mata kwandon albasa ta ƙi, na ajiye na tafi. Na gode wa yarinyar nan, ita kaɗai a gidan nan ta taɓa tsayawa ta amsa mini tambaya har ƙarshe. Kai ma na gode da ka yi haƙuri ba ka zo ka ɗauke ta ba.

Amma shiru ba amsa ba ne. An kusa komawa makaranta, ba ta sani ba ko littafi za ta haɗa ko almakashi. Ka ce jan biro, ga guda ɗaya ya rage, ban ɓoye maka ba. Za ta zauna a makaranta ko ba za ta zauna ba? Ka amsa mini da bakinka. In ba haka ba, ranar kasuwa ina nan tafe da tabarmata, in shimfiɗa a ƙofar shagonka, ba mai shiga ɗinki sai na ji.

Mahaifinka mai jira,
Ubaidullahi.