Ƙorafi Kan Mazubin da Malam Gabdo Ya Yanka da Ido

Daga: Kwaji Vandi, kafinta, Lokuwa, Mubi
Zuwa ga: Alhaji Mubashshir, Shugaban Ƙungiyar Kafintoci ta Haɗin Kai, Mubi
Ranar Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Game da: Hana ni injin ƙungiya da abin da ya biyo baya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da kukana kan Malam Gabdo, mai kula da injinan ƙungiya, wanda nake girmamawa kamar uba, har zuwa ranar 3 ga wata.

1. Hajiya Rukayyat mai gidan abinci ta ba ni aikin kujeru ashirin masu lanƙwasasshen baya. Kamar yadda Shugaba ya sani, ana shafa wa siraran fallayen filawud gam, a matse su tsakanin katako biyu, wato mazubi, har su bushe a lanƙwashe. In mazubi ya karkace, duk abin da ya fito cikinsa ya gaji karkatar.

2. Ranar Alhamis, 3 ga Oktoba, na nemi aron injin sassaƙa katako da ake kira rauta don in yanka mazubin, domin shi ne ke bin samfuri sawu da ƙafa. Na bayyana cewa ƙaramin zarton lantarki na hannu yakan lanƙwashe baki cikin katako mai kauri, sama ya bi layi, ƙasa ya kama gabansa. Malam Gabdo ya ce an ajiye rauta sai babban aiki. Ya ce shekararsa talatin yana yanka, idonsa ya fi tef ɗin awo. Ya karɓe katakona ya ce in zauna in koya.

3. Na zauna. Na kuma tuna masa cikin ladabi cewa dole a bar ratar milimita goma sha biyu tsakanin ɓangarorin biyu, daidai kaurin fallayen. Ya ce milimita ta 'yan makarantar foli ce. Ya ja layi ɗaya, ya yanka da zarton hannun, ya hura ƙura, ya ce in gode Allah.

4. Na gode Allah, na haɗa kujerar gwaji. Ranar Talata, 8 ga wata, Hajiya ta zo gani tare da ƙawayenta biyu. Tana zama, kujerar ta juya ta ɓangaren hagu, wajen ƙofa. Ta gyara zama, kujerar ta sake juya ta. Ta miƙe ta ce tunda kujera ta nuna mata hanya, ba za ta yi musu ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata, in ba haka ba za ta kai aikin Yola.

5. Abin da ya fi ci mini rai, Malam Gabdo yana faɗa a teburin mai shayi cewa gam ɗina ne ba shi da kyau. Yanzu masu keke na kirana mai kujerar sallama. Matata Dorathy ma ta ji a coci.

6. Ban ce Malam Gabdo bai iya kunna rauta ba. Allah ya kiyaye. Na dai lura shekara biyu ke nan injin na cikin ledarsa, kuma da na ambaci sunansa, sai da ya tambaye ni wanne ne.

Saboda haka ina roƙon Shugaba:

Na farko, a ba ni rauta na kwana uku. Na biyu, Malam Gabdo ya janye maganar gam a teburin da ya yi ta, a lokacin da ake cika. Na uku, a ba shi izinin zama kusa da ni ranar aikin. Ba zan ce ya koya ba. Zan ce ya sa ido, tunda idon ya fi tef.

Na aiko da kujerar a matsayin shaida. Saboda darajar Shugaba da shekarunsa, ina roƙon ya duba ta a tsaye. Wanda ya yanka mazubin shi ya fi cancanta ya zauna.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Kwaji Vandi