Zanen Hajara a Marina

Wudil, daren Lahadi, watan Rajab, 1955

Yau na kai 'yata Ladi marina da farin zanen mahaifiyarta, Allah Ya jiƙan Hajara. Shi kaɗai ya rage mana na tunawa, ita kuma ta nace sai an rina mata shi shuɗi. Da Malam Sule marini ya tsamo shi daga rami, sai ga shi kore kamar gansakuka. Yarinya ta fashe da kuka: "Baba, sun ɓata zanen Inna!"

Ni da na taɓa sayar da gurgun sa a kara, kasuwar shanu, da zaƙin baki, sai na shiga neman dabarar rarrashinta. Can na tuna malaminmu na elementare ya ce shuni a cikin ruwan toka kore yake, sai ya sha iska yake juyewa. Na ce, "Uwata, hura masa, ke yake jira."

Ta kumbura kumatu tana ta hurawa, zane yana duhu, har ya koma shuɗi. Malam Sule ya buɗe baki zai yi bayani, na taka masa ƙafa. Ya ce, "Kai, wannan baki da albarka yake!"

Ƙaryar da na yi a kasuwa ba ta ƙirguwa, Allah Ya yafe mini. Ta yau kam na kasa yin nadamarta. Ga Ladi can ta yi barci ƙudundune a cikin zanen, wuyanta duk shuni.